Ƙasar Sin a bakin 'yan jarida da kuma a kan titi: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suka fi fitowa daga bakin masu sauraron rediyo, da 'yan kasuwar da ke shirin tafiya saro kaya, da iyayen da 'ya'yansu suka samu gurbin karatu a can. Mafi yawansu kan abu ɗaya suke komawa: wanda ya buɗe wannan tasha sai ya ji Sin ta zama aljannar duniya, in ya murɗa zuwa waccan sai ya ji ta zama kurkuku. Mutum biliyan 1.4 da ke zaune a cikinta kuwa ba kasafai ake jin muryarsu ba.

Wane ne ke da kafofin yaɗa labarai a Sin?

Jam'iyyar Kwaminis ce, kuma ba ta ɓoye hakan. Kamfanin dillancin labarai na Xinhua, jaridar People's Daily da gidan talabijin na CCTV duk suna ƙarƙashin sashen farfaganda na jam'iyya. A watan Fabrairun 2016 shugaba Xi Jinping ya zagaya waɗannan gidaje uku a rana ɗaya, ya shaida musu cewa kafar jam'iyya dole ta ɗauki sunan jam'iyya kamar yadda ɗa ke ɗaukar sunan gidansu. A 2018 aka haɗe CCTV da rediyon cikin gida da rediyon ƙasashen waje na CRI wuri ɗaya, aka kira su China Media Group.

Kullum da ƙarfe bakwai na yamma akwai labaran rabin awa da ake kira Xinwen Lianbo, wanda aka fara tun 1978, kuma manyan tashoshin larduna kan jona su watsa shi lokaci guda. Tsarinsa sananne ne: shugabanni tukuna, bisa jerin muƙamansu, sai ci gaban da aka samu a cikin gida, sannan labaran ƙetare. 'Yan kasuwa da jami'an gwamnati suna kallonsa da natsuwa, domin daga wanda aka fara ambata da wanda aka daina ambata ake gane inda iska ta juya.

Sashen Hausa na CRI reshe ne na wannan gida. Ya fara watsa shiri a 1963, shekara shida bayan BBC Hausa.

Ke nan duk abin da suke faɗa ƙarya ce?

A'a. Gadar da suka nuna tana nan, jirgin ƙasan yana gudu, kuma ɗaruruwan miliyoyin mutane sun fita daga matsanancin talauci tun bayan gyaran tattalin arzikin da Deng Xiaoping ya fara a 1978. Bankin Duniya ma ya yarda da wannan. Matsalar tana wurin abin da ba a faɗa. Ba za ka ji labarin kisan da sojoji suka yi a Beijing ranar 4 ga Yuni 1989 ba, ba za ka ji yadda ake yanke shawara a cikin kwamitin ƙoli na jam'iyya mai mutum bakwai ba, kuma idan minista ya ɓace, shiru za ka ji. Ministan harkokin waje Qin Gang ya daina bayyana a Yunin 2023, aka sauke shi a Yuli, har yau gwamnati ba ta fito ta yi wa jama'a cikakken bayani ba.

Shawarata ga mai sauraro ita ce ya riƙa tambayar kansa: me aka tsallake a wannan rahoto?

Akwai masu aikin jarida na bincike a cikin ƙasar kuwa?

Akwai, kuma su ne mutanen da na fi ganin girmansu a duk wannan batu, domin a kan siraɗi suke aiki. Mujallar Caixin, wadda Hu Shuli ta kafa a 2009, ta yi suna wajen tono badaƙalar kuɗi, kuma ita ce ta fitar da wasu daga cikin rahotanni mafi ƙarfi daga Wuhan a farkon 2020. A Yulin 2024 jaridar Beijing News ta bi sawun tankokin da ke ɗaukar man da ake tacewa daga gawayi, su sauke, su loda man girki na waken soya ba tare da an wanke tankin ba. Ƙasa ta ɗauka, majalisar gudanarwa ta kafa kwamitin bincike, aka hukunta wasu.

Iyakar tana nan a fili: ana iya taɓa kamfani, ana iya taɓa shugaban gunduma, amma ba a taɓa tsarin mulkin jam'iyya ɗaya ko shugaban ƙasa. Filin ma ya ƙara ƙuntata tun 2013, shekarar da ma'aikatan jaridar Southern Weekly ta Guangzhou suka yi bore saboda an sauya musu sharhin sabuwar shekara ba da saninsu ba. Masu ɗaukar rahoto da wayarsu su kaɗai sun fi shan wuya. Zhang Zhan, tsohuwar lauya da ta je Wuhan tana ɗaukar bidiyo a lokacin korona, an yanke mata shekara huɗu a Disambar 2020. A Hong Kong kuma jaridar Apple Daily ta rufe a Yunin 2021 bayan an kama shugabanninta an kuma kulle asusunta a ƙarƙashin dokar tsaron ƙasa ta 2020.

Ambaliyar Zhengzhou ta nuna yadda abin ke tafiya. Ranar 20 ga Yuli 2021 ruwan da ya haura milimita 200 ya sauka cikin awa ɗaya, ya shiga layi na biyar na jirgin ƙarƙashin ƙasa, fasinjoji suna tsaye ruwa ya kai musu ƙirji, suna tura bidiyo ga 'yan'uwansu. Mutum 14 suka rasu a wurin. Watanni shida bayan haka gwamnatin tsakiya da kanta ta fitar da rahoto cewa mutum 398 ne suka mutu ko suka ɓace a lardin Henan, kuma jami'an birnin sun ɓoye adadin da gangan. Gaskiya ta fito, amma a ranar da Beijing ta ga dama, kuma laifin ya tsaya a kan na ƙasa.

To kafofin Turai da Amurka fa, su ne masu gaskiya?

Sun fi 'yancin faɗa, kuma manyan abubuwan da suka bankaɗo, musamman kan Xinjiang, yankin Musulmin ƙabilar Uyghur, daga baya takardun gwamnatin Sin da hotunan tauraron ɗan'adam sun tabbatar da su. Amma suna da nasu ciwon. Editan da ke zaune a Landan ko New York labarin gasa tsakanin manyan ƙasashe ya fi so: Taiwan, harajin kaya, na'urorin kwamfuta, leƙen asiri. Shekara da shekaru ana hasashen tattalin arzikin Sin zai rushe gobe. An sha nuna unguwannin da babu kowa ana kiransu biranen fatalwa. Wasu sun tabbata kufai, wasu kuma, kamar sabuwar unguwar Zhengdong a Zhengzhou, sun cika da mutane, ba a kuwa koma an ba da wannan labari da irin ƙarfin na farko ba.

Akwai kuma ƙarancin ido a ƙasa. A Maris 2020 Sin ta kori 'yan jaridar Amurka da ke aiki da New York Times, Wall Street Journal da Washington Post, a matsayin ramuwa kan matakin da Amurka ta ɗauka a kan ma'aikatan kafofin Sin. A Fabrairun 2021 Birtaniya ta soke lasisin CGTN, tashar talabijin ta Sin mai watsa shiri zuwa ƙasashen waje, mako guda bayan haka Sin ta haramta tashar BBC World News. Yanzu rahotanni da yawa kan Sin daga Taipei, Seoul ko Singapore ake rubuta su. Wanda ba ya shiga kasuwa, ba ya hawa bas, dole labarinsa ya zama na manyan mutane da alƙaluma.

Da gaske ne babu WhatsApp da Facebook a can?

Gaskiya ne. An toshe Facebook, Twitter da YouTube tun 2009, Google ya janye a 2010, WhatsApp ya bi su a 2017, Wikipedia ta kowane harshe a 2019. Matafiya kan sa manhajar VPN, mai tsallake wannan shinge, a waya tun kafin su taso, domin a can saukar da ita na da wuya. Layin waya na ƙasar waje da matafiyi ya shigo da shi yana amfani da shi a can ma yakan wuce shingen.

Sinawa kansu ba su jin sun rasa komai a harkar yau da kullum, don suna da nasu: WeChat na kamfanin Tencent, mai masu amfani sama da biliyan 1.3, Weibo na muhawara, Douyin wanda shi ne TikTok na cikin gida, Baidu na bincike. Ba a buɗe asusu sai da lambar waya, ba a sayen layi sai da katin shaida. Ke nan duk abin da ka rubuta, an san kai ne.

Talaka na iya sukar gwamnati?

Yana iya ƙorafi, kuma ana yi sosai: tsadar asibiti, albashin da ba a biya ba, gidan da aka karɓi kuɗinsa ba a gama ba. Abin da hukuma ba ta lamunta shi ne ƙorafin ya tara jama'a ko ya hau sama. Kamfanonin intanet suna da dubban ma'aikatan da aikinsu gogewa ne, jama'a kuma suna ta ƙirƙiro habaici da kalmomi masu kama da juna a furuci don su zille.

Sau biyu a shekarun nan abin ya fi ƙarfin masu gogewa. Na farko daren da Li Wenliang ya rasu, 7 ga Fabrairu 2020. Likitan ido ne a Wuhan da ya gargaɗi abokan aikinsa a WeChat kan wata sabuwar cuta, 'yan sanda suka kira shi suka sa shi ya sa hannu cewa jita-jita ya yaɗa, daga baya cutar ta kashe shi. Fushin jama'a ya kai har gwamnati ta janye takardar gargaɗin, ta sa shi cikin jerin gwarazan ƙasa. Na biyu bayan gobarar Urumqi, babban birnin Xinjiang, ta 24 ga Nuwamba 2022, inda mutum goma suka mutu a wani bene, jama'a kuma suka yi imanin kullen korona ne ya hana a cece su. Matasa suka fito a Shanghai, Beijing, Chengdu da jami'o'i da dama, kowa riƙe da farar takarda babu rubutu. Ranar 7 ga Disamba aka sassauta dokar kullen da ta shafe kusan shekara uku. An kama wasu daga cikin matasan a ɓoye bayan kura ta lafa.

Me ya fi damun mutumin birni a yanzu?

Gida da aiki. Iyalin Sin sun zuba yawancin dukiyarsu a gidaje, kuma al'ada ce saurayi ya mallaki gida kafin a ba shi mata, sau da yawa da tarin kuɗin iyaye da kakanni. Kamfanoni sun saba sayar da gida tun yana zane a takarda, su ɗauki kuɗin su fara wani ginin. A 2020 gwamnati ta taƙaita musu cin bashi, a 2021 kamfanin Evergrande, mai bashin da ya haura dala biliyan 300, ya kasa biya, a Janairun 2024 wata kotu a Hong Kong ta ba da umarnin rufe kamfanin a sayar da kadarorinsa. A 2022 masu saye a birane da dama suka daina biyan bashin banki kan gidajen da aka bari babu tagogi. Ka yi tunanin magidancin da ke biyan banki duk wata, yana kuma biyan haya, a kan gidan da yake hangowa ciyawa ta fito a harabarsa. Ƙananan hukumomi ma abin ya taɓa su, domin daga sayar da filaye suke samun kuɗi mai yawa.

Ga matasa kuwa, jami'o'i sun yaye kusan miliyan 11.8 a 2024 kaɗai. Rashin aikin yi tsakanin 'yan shekara 16 zuwa 24 ya kai kashi 21.3 cikin ɗari a Yunin 2023. Sai hukumar ƙididdiga ta daina fitar da adadin, ta dawo da shi bayan watanni da sabon lissafin da ya cire ɗalibai. Wanda ya samu aiki a kamfanin fasaha kuma sai ya tarar da tsarin da suke kira 996: tara na safe zuwa tara na dare, kwana shida a mako, duk da kotun ƙoli ta ce haramun ne a 2021. Shi ya sa wasu matasa suka ɗauki aƙidar da suke kira kwanciya miƙe, wato a daina tseren, a yi aikin da zai ciyar da kai kawai, ba gida, ba aure. Kafofin gwamnati sun yi ta yi musu faɗa.

Dattawa ma ba a bar su ba: daga Janairun 2025 aka fara ɗaga shekarun ritaya sannu a hankali, na maza daga 60 zuwa 63, na mata daga 50 zuwa 55 ko daga 55 zuwa 58.

Mene ne hukou da ake yawan ambata?

Rajistar gida ce, tun 1958, wadda ke ɗaure kowane mutum da garin da iyayensa suka fito. Kana iya zuwa Shanghai ka yi aiki shekara ashirin, amma makarantar gwamnati ta ɗanka, da rangwamen asibiti, da fansho mai kauri, suna bin inda aka yi maka rajista. Kusan mutum miliyan 300 'yan ci-rani ne daga karkara, su ne suka gina benayen, su ke ɗinki a masana'antu, su ke kai abinci gida-gida. Da yawa sun bar 'ya'yansu a ƙauye wurin kakanni, sai a hutun sabuwar shekara a gan su. Ƙananan birane sun sassauta rajistar ƙwarai. Beijing da Shanghai sun riƙe tasu gam.

Babban abin da ke mayar da yaro gida shi ne jarrabawar shiga jami'a, gaokao, da ake farawa ranar 7 ga Yuni. Sama da ɗalibai miliyan 13 suka yi rajistarta a 2024, kuma yawanci a lardin da hukou ɗinka yake za ka zauna ta. A ranakun ana hana gine-gine da hon ɗin mota kusa da makarantu, iyaye kuma su cika bakin ƙofa suna jira cikin rana.

Me ya sa yawan jama'a ke raguwa?

Dokar ɗa ɗaya ta yi aiki daga 1980 zuwa ƙarshen 2015. An ba da damar biyu a 2016, uku a 2021, amma mutane sun ƙi. A 2022 yawan jama'a ya ragu karon farko tun yunwar 1961, a 2023 jarirai miliyan 9 kacal aka haifa, kuma a shekarar ce Indiya ta wuce Sin. Ma'aurata da kowannensu shi kaɗai iyayensa suka haifa suna ɗauke da tsofaffi huɗu, ga tsadar gida da ta karatu. A 2025 gwamnati ta fara ba da tallafin yuan 3,600 a shekara ga kowane yaro ɗan ƙasa da shekara uku.

Yaya ranar mutum take a birni kamar Guangzhou ko Shanghai?

Waya ce komai. Da safe za ka ga mace a bakin tashar jirgi da tukwanen gora jere a kan tururi tana sayar da baozi, wato burodin da aka cusa wa nama ko ganye, da madarar waken soya mai ɗumi a kofi. Ba ta taɓa kuɗi. Wani ɗan kati ne mai zanen lambar QR rataye a gaban teburinta, kore na WeChat, shuɗi na Alipay. Ka haska da waya, wata 'yar lasifika ta faɗi adadin da ya shigo, ita ko ɗaga kai ba ta yi ba, tana naɗe na mutum na gaba. Da wayar za ka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa bayan an haska jakarka a na'ura, da ita za ka buɗe keken haya, da ita za ka ga likita. Tun 2023 baƙo na iya haɗa katin bankinsa na waje da waɗannan manhajoji.

Titi ya fi yadda baƙo ke zato shiru, saboda babura masu lantarki ne. Guangzhou ta haramta babur mai fetur a cikin gari tun 2007, Shenzhen kuma ta mayar da dukkan bas ɗinta na lantarki a 2017. Masu kai abinci na Meituan, cikin rigarsu rawaya, su ne suka fi kowa gudu, domin manhaja ce ke ƙirga musu mintoci, in sun makara a yanke musu kuɗi. Da yamma tsofaffin mata kan fito dandali da lasifika su yi rawa a sahu. Bayan manyan benaye kuma akwai tsofaffin ƙauyukan da birni ya haɗiye, inda gidaje suka matsu har maƙwabta na iya musafaha ta taga. A nan 'yan ci-rani ke samun haya mai sauƙi.

Jirgin ƙasa mai sauri, wanda aka fara a 2008, layinsa ya haura kilomita 40,000. Daga Beijing zuwa Shanghai kilomita 1,318 ne, ana yin su cikin awa huɗu da rabi. Hayaƙin Beijing da ya yi ƙaurin suna a 2013 ya ragu da kusan kashi biyu bisa uku cikin shekara goma. Mace na iya tafiya ita kaɗai da tsakar dare, kyamara kuma tana kowace kusurwa.

Gaskiya ne kowa na da makin ɗabi'a da gwamnati ke ƙirgawa?

An ƙara wa wannan labari gishiri. Babu maki ɗaya na ƙasa baki ɗaya da ke bin kowane mutum. Akwai baƙin kundin kotu na waɗanda suka ƙi biyan bashi bayan hukunci, ana hana su tikitin jirgin sama da na jirgin ƙasa mai sauri. Akwai kundin kamfanoni. Wasu birane kuma sun gwada ba da maki. Abin tsoro na gaske yana wani wuri: a Yunin 2022 mutanen da kuɗinsu ya maƙale a wasu bankunan karkara na Henan sun taso neman haƙƙinsu, sai lambar lafiyarsu ta korona ta koma ja a waya, aka hana su motsi. An hukunta jami'ai biyar daga baya.

Yaya Musulmi suke a can?

Dole a raba amsar biyu. Ƙabilar Hui, kimanin miliyan 11, Sinanci suke yi kuma suna warwatse a ko'ina. Su ne masu shagunan taliyar naman shanu ta Lanzhou da za ka gani kusan a kowace unguwa da alamar halal, inda baƙo Musulmi ke samun abinci hankali kwance. Masallacin Huaisheng na Guangzhou na cikin mafi tsufa a ƙasar, akwai na Niujie a Beijing da babban masallacin Xi'an. A Guangzhou akwai hubbaren da mutanen wurin ke jingina wa Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, ko da yake malaman tarihi sun tafi a kan cewa a Madina aka binne shi. Ana sallar Juma'a, ana azumi. Sai dai tun wajen 2018 gwamnati ke aiwatar da shirin mayar da addini kan salon Sin: an sauke ƙubbobi da hasumiyoyi daga masallatai masu yawa, an cire rubutun Larabci daga allunan shaguna, ana hana koyar da yara addini. A Mayun 2023 mutanen Nagu a lardin Yunnan sun yi arangama da 'yan sanda kan ƙubbar masallacin Najiaying.

Na Uyghur a Xinjiang ya fi wannan nauyi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne an yi tashin hankali: rikicin Urumqi na 2009 ya ci kusan mutum 200, harin wuƙa a tashar Kunming a 2014 ya kashe 31. Amma martanin ya faɗa kan al'umma guda. Daga 2017 aka tsare mutane masu ɗimbin yawa, ƙiyasin da aka gabatar a Majalisar Ɗinkin Duniya ya kai miliyan ɗaya, wasu saboda gemu, ko lulluɓi, ko waya da ɗan'uwa a ƙasar waje. Da farko Sin ta musanta, daga baya ta ce cibiyoyin koyar da sana'a ne, a ƙarshen 2019 ta ce kowa ya kammala. Alƙaluman gwamnati da kansu sun nuna haihuwa a yankin ta faɗi da kusan rabi tsakanin 2017 da 2019. Ranar 31 ga Agusta 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan'adam na Majalisar ya ce abin da aka yi na iya zama laifi kan bil'adama. Da aka nemi a tattauna rahoton kawai a Oktoba, ƙuri'a 19 suka kayar da 17, kuma cikin masu cewa a'a har da Pakistan, Indonesiya da Qatar. Ana iya cewa Amurka na amfani da batun don siyasarta, kuma tana yi. Wannan bai fitar da kowa daga kurkuku ba, bai kuma wanke shirun gwamnatocin Musulmi ba.

Me ya faru da 'yan Afirka a Guangzhou a 2020?

A watan Afrilu, bayan an samu wasu 'yan Najeriya da korona, hukumomin birnin suka bi baƙar fata da gwaji da killacewa ko da mutum bai yi tafiya ba. Masu gidaje da otal suka kori 'yan haya, aka ga mutane kwance a ƙarƙashin gada da jakunkunansu. Wani reshen McDonald's ya liƙa sanarwar hana baƙar fata shiga, kamfanin ya nemi afuwa. Jakadun Afirka a Beijing suka rubuta takardar ƙorafi, a Abuja kuma kakakin majalisar wakilai Femi Gbajabiamila ya kira jakadan Sin Zhou Pingjian ya nuna masa bidiyon a gaban kyamara. Sin ta ce ba ta da manufar wariya, ta yi alƙawarin gyara. Darasin aikin jarida a nan shi ne, wayoyin mutanen da abin ya shafa ne suka fitar da labarin, kafin kowace tasha.

Unguwar Xiaobei, inda Musulmin Afirka ta Yamma suka fi taruwa a kewayen benen Tianxiu, da Sanyuanli, inda 'yan kudancin Najeriya suka fi yawa, duk sun rage cika idan aka kwatanta da shekarun 2000. Tsananin biza ya taimaka, haka ma faɗuwar naira, da kuma yadda Sinawa ke kawo kayan da kansu har Kantin Kwari.

Bashin Sin tarko ne?

Bashin da Najeriya ta ci daga Sin ya kai kimanin dala biliyan 5, wato ɗan sama da kashi ɗaya bisa goma na bashinta na waje. Na Bankin Duniya da na masu takardun lamuni ya fi shi yawa. Da bashin Sin aka yi layin dogo na Abuja zuwa Kaduna a 2016 da na Legas zuwa Ibadan a 2021. A Nijar kamfanin man fetur na Sin, CNPC, ne ya haƙo man Agadem, ya gina matatar Soraz kusa da Damagaram a 2011, da bututun da ke kai mai gaɓar tekun Benin. Abin da ya kamata a matsa a kai shi ne a buga sharuɗɗan kwangilolin kowa ya gani, kuma wannan buƙata ce da za a kai wa gwamnatocinmu tukuna.

Ɗan kasuwa da zai je karon farko, me ya kamata ya kiyaye?

Rajista da 'yan sanda cikin awa 24 da isowa wajibi ce. Otal kan yi maka, amma in gidan wani ka sauka, kai za ka je ofishinsu da fasfo. Kada bizarka ta wuce ko da kwana ɗaya: tarar yuan 500 ce a kowace rana har zuwa 10,000, ana kuma iya tsare mutum a hana shi dawowa. Fasfo ya kasance a jikinka kullum, don ana tsayar da baƙi a tambaya. Laifin ƙwaya na iya kai mutum ga hukuncin kisa, saboda haka kada ka karɓi saƙon da ba ka buɗe ba, ko na wane ne.

Baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, yana ci sau biyu a shekara a unguwar Pazhou, daga tsakiyar Afrilu da kuma tsakiyar Oktoba, kashi uku, kowane kashi da irin kayansa. A lokacin kuɗin otal kan ninka. Mai neman ƙananan kaya, kamar sarƙa, kayan kicin da na wasan yara, Yiwu ta lardin Zhejiang ta fi masa, kasuwa mai rumfuna kusan 75,000. A guji yin oda dab da sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, domin masana'antu kan rufe makonni ma'aikata su tafi gida, haka ma makon farko na Oktoba. Kafin ka biya cikon kuɗi, ka sa wakilinka ya buɗe kwalaye ya gwada kayan da samfurin da aka nuna maka, a kuma rubuta inganci da adadi da ranar lodi a takarda mai hatimin kamfanin, domin a kotunan Sin hatimin ne ake dubawa.